Lambar zubi da littafin da ke bayanta: amsa ga shugabar masu man gyaɗa

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya da ke shugabantar ƙungiyar mata a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Suna matsar man gyaɗa, suna yin ƙuli-ƙuli da garin yaji. Wani babban kanti a Dutse ya ɗanɗana kayansu ya yaba, amma ya ce ba zai ɗora a kanta ba sai ya ga suna da adireshi, da ranar da aka yi kayan, da ranar da za su daina amfani, da lambar zubi (wato lambar da ke nuna kayan da aka yi a lokaci guda), da lambar NAFDAC. Ta ce: "Mun tsufa a wannan sana'a, ba wanda ya taɓa cewa manmu ya ɓata masa ciki. Mene ne amfanin waɗannan lambobi, ko dai wata hanya ce ta tatsar talaka? Kuma wani ya ce zai ara mana lambarsa ta NAFDAC mu buga, mu karɓa?"

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce mai gaggawa: kada ku karɓi aron lambar nan, ko kyauta ce. Lambar NAFDAC ba kamar lambar waya ba ce da za a ara wa maƙwabci. Ana ba da ita ne ga kaya guda, na mai sana'a guda, da ake yi a wurin da jami'an hukumar suka je suka duba da idonsu. Ranar da kuka buga lambar wani a gorarku, man da kuka matsa da guminku ya zama jabu a idon doka, komai kyansa. In kuma kayan mai lambar ne suka yi ɓarna a wani gari, da naku za a haɗa a kwashe, ba ku ji ba ba ku gani ba.

Na yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar abinci a Kano kafin in koma koyar da ƙananan ƙungiyoyi irin taku, kuma abin da na fi so ki fahimta shi ne, abu biyu mai kantin nan ya nema, mutane suna haɗa su su ɗauka ɗaya ne. Na farko shaida: kayan nan mene ne, wa ya yi su, a ina yake. Na biyu bin sawu: in wani abu ya faru, za a iya komawa baya a gano daga wane buhun gyaɗa wannan gora ta fito, a kuma bi gaba a gano ina sauran 'yan uwanta suka tafi? Lambar NAFDAC tana cikin na farko, kuma ita ce mai cin kuɗi da zirga-zirga. Lambar zubi kuwa ta na biyu ce, ba hukumar da ke sayar da ita, ku ne za ku ƙirƙire ta da kanku, kuma kuɗinta bai wuce na littafi da biro ba.

Ba ma baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki je Dawanau ki ga yadda kowane ɗan kasuwa ke yi wa buhunansa alama da fenti kafin a loda, don in mota ta sauke a san na wane ne. Ki je kara ranar Alhamis a Maigatari: ba mai hankalin da zai sayi sa ba tare da dillalin da ya san wanda ya kawo shi ba, don gobe in aka zo cigiya a san inda za a nufa. Bin sawun kaya ke nan, sai dai wannan a rubuce yake, ba a ka ba.

Abin da nake kira zubi shi ne duk kayan da aka yi a lokaci guda, da kayan haɗi guda, a hannu guda. A jikin kayan kanti za ki ga an rubuta B/N ko LOT, ga wasu lambobi a gaba. Shi ne wannan. A wurinku, in kuka soya buhu biyu na gyaɗar da kuka saya wurin mutum ɗaya, kuka kai inji, kuka matsa ranar 14 ga Maris 2025, duk man da ƙuli-ƙulin da suka fito zubi ɗaya ne. Sai ku ba shi suna: 140325-A. In da yamma kuka buɗe buhun wani mai gyaɗar daban, wannan ya zama 140325-B. Shi ke nan. Sharaɗin kawai kada lamba ɗaya ta hau zubi biyu har abada, kuma kada a tsiyaya ragowar man jiya a cikin na yau a ce duk na yau ne. In dole sai an haɗa, a rubuta cewa an haɗa.

To amma lambar nan in ba littafi a bayanta ado ce kawai. Nan ne na ga ƙungiyoyi da yawa sun yi tuntuɓe: an kashe kuɗi an bugo sitika mai sheƙi, lamba ɗaya a kan kayan shekara guda, ba kuma wanda zai iya gaya maka ma'anarta. Ku sayi littafi mai kauri, irin na rajistar makaranta, ku ba kowane zubi shafinsa. A saman shafi lambar zubi. Ƙarƙashinta, daga ina: gyaɗar wane ne, a wace kasuwa, ran nawa ga wata, buhu nawa, yaya kamanninta da aka buɗe, gishiri da barkono da citta daga wurin wa, gorunan daga ina, a injin wa aka markaɗa, don injin haya yakan ɗauko ragowar kayan wanda ya riga ku. A tsakiya, su wa suka yi aikin, lita nawa aka samu, gora nawa aka cika. A ƙasan shafi, zuwa ina: kantin wane gora kaza, mai shago wance ƙulli kaza, da ranar da lambar wayarsu. A ƙarshe lissafin ya haɗu: abin da aka cika ya yi daidai da abin da aka sayar da abin da ya rage a ɗaki. In babu mai boko a cikinku, a rubuta da ajami. Littafin naku ne, abin da ake so dai a iya karanta shi ranar da ake buƙata. Wata yarinya mai waya ta riƙa ɗaukar hoton kowane shafi in ya cika, saboda ruwa da gara.

A dokar abinci ta Tarayyar Turai ta 2002 ana kiran wannan tsari taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Ba a ce ki san duk hannun da kaya suka bi tun daga gona har bakin mai ci ba. An ce ki san wanda ya ba ki, ki san wanda kika ba. In kowa ya riƙe nasa, igiyar ba ta tsinke ba.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata rana wani ɗan kasuwa ya shigo masana'antar da nake aiki da galan a hannu, ransa a ɓace, ya ce mai ya yi maƙaƙi, masu tuya sun dawo masa da shi. Na juya galan ɗin na karanta lambar da ke gindinsa, na ɗauko littafin wannan watan. Kafin la'asar mun san ranar da aka cika shi, mun san daga wace tanki, mun ɗauko samfurin da muka ajiye na wannan zubi muka buɗe, shi ma ya juya. Na zubin da ya gabace shi da wanda ya biyo baya kuwa lafiya lau. Muka duba ƙasan shafi: dillalai huɗu ne suka ɗauka. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya, kafin kwana uku kayan sun dawo, aka musanya musu. Mutumin da ya shigo da faɗa ya ci gaba da sayen kayanmu. Da babu lambar nan, zaɓi biyu ne ya rage mana: ko mu kwaso duk abin da ke kasuwa mu karye, ko mu yi shiru mu bar mutane su ci. Na biyun shi ne wanda ƙaramin mai sana'a yakan faɗa ciki, ba don mugunta ba, don ba shi da hanyar rabe mai kyau da maras kyau. Shi ya sa nake cewa lambar zubi ta fi kare ku fiye da yadda take kare babban kamfani. Shi yana da jarin da zai jure asara, ku kuwa sunanku ne jarinku, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Kin ce ba wanda ya taɓa kuka da manku, kuma na yarda. Sai dai gyaɗa tana da wani maciji a ƙaiƙayi. In ta sha danshi a gona ko a rumbu, funfuna takan kama ta, ta haifar da dafin da ake kira afulatoksin. Yawanci ba ya sa ciwon ciki nan take balle a zo a gaya miki. A hankali yake cin hanta, yana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe shi, kuma ya fi taruwa a tunkuza da ƙuli-ƙuli fiye da mai. Tsince gyaɗar da ta yamushe ko ta canza launi yana rage shi sosai, amma gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. Ranar da aka gwada kayanku aka samu ya yi yawa, tambayar farko ita ce gyaɗar wa? Mai littafi za ta buɗe ta ce ta wane ce, ta daina saye a wurinsa ko ta nuna masa yadda zai shanya. Wadda ba ta da littafi sai dai ta zargi kowa.

Dokokin nan kuma ba a zaune aka ƙago su don a wahalar da mutane ba, yawancinsu bayan an yi makoki aka rubuta su. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan sun sha maganin haƙori mai suna My Pikin. Da aka bi sawu, sai aka tarar an haɗa shi da wani sinadari mai kashe ƙoda, wanda aka sayo a hannun mai sayar da sinadaran da ba shi da izini, aka ɗauka na haɗa magani ne. Takin baya ne ya karye a nan: an sa abu a bakin jarirai ba a tabbatar da asalinsa ba. Na kusa da mu kuwa, ba ki manta da 2021 ba, gab da azumi, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano. NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari mai guba ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. Ki duba yadda irin wannan kaya ke tafiya: buhu ya shigo kasuwa da rubutunsa, a farke shi, a auna a kwano, a ƙulla a farar leda, ya bi motocin ƙauye. Daga lokacin da aka jefar da buhun, ba sauran mai iya cewa farin garin nan mene ne. Mai haɗa lemo a ƙauye ba ta da laifin komai sai yarda.

Wannan ƙulle-ƙullen shi ne inda igiya ta fi tsinkewa a karkara, kuma ban ce a daina ba, don da shi talaka ke sayen abin da aljihunsa zai iya. Abin da nake roƙon masu shaguna da ku kanku shi ne, duk abin da za ku zuba a abincin sayarwa, ku saye shi a mazubinsa na asali, ko aƙalla ku ga buhun da aka ɗebo shi, ku ɗauki hoton rubutun. Buhun da ya ƙare a yanke wajen lambar a soke a littafi. Haka nan goruna. Na san gorar lemo da aka wanke ta fi araha, amma ba ku san abin da aka zuba a cikinta kafin ta iso gare ku ba, wata fetur, wata fiya-fiya, ga kuma sunan wani kamfani a jikinta. Kanti ba zai karɓa ba, kuma yana da gaskiya. Sabuwar gora mai murfin da ke karyewa in an buɗe, ita ce shaidar cewa abin da kuka zuba shi ne ya isa hannun mai saye.

Ta fuskar doka, hukumomi uku ne za ki riƙa jin sunansu. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da abinci da magani da kayan shafa da ruwan leda da sinadarai. Ƙa'idarta ta rubutun jikin abincin da aka ƙunshe tana neman sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, nauyi ko yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, lambar zubi, ranar yi, ranar da ya kamata a gama amfani, yadda za a adana, da lambar rajista. SON ita ke da ma'aunin inganci, musamman na kayan da ba ci ake yi ba, kamar siminti da wayar lantarki da tukunyar gas. Tana da tsarin MANCAP na kayan gida da SONCAP na kayan da ake shigowa da su. Sai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda dokarta ta 2018 ta ɗora wa mai yi da mai shigowa da mai rarrabawa nauyin yi wa kaya shaidar da za a iya bin sawunsu har zuwa gare shi, da nauyin sanar da jama'a da janye kaya in ya gano suna da haɗari. Kin ga ke nan mai kantin Dutse ba ƙaƙale ya yi ba. In ya ɗora kayan da ba su da shaida, shi za a fara kamawa.

Adireshi kuma a rubuta na gaskiya, wanda baƙo zai bi ya iso: sunan ƙungiya, unguwa, gari, ƙaramar hukuma, da lambar wayar da ake ɗauka. "An yi a Najeriya" kaɗai ba adireshi ba ne. Zanen layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a wurin biyan kuɗi kuwa, kada wani ya ruɗe ku da shi. Na ƙungiyar GS1 ne, lambobin da aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa da 615, amfaninsa na'urar kanti ta gane kaya da farashinsu. Ba izinin hukuma ba ne, ba ya kuma maye gurbin lambar zubi. In kantin bai nema ba, ku bar shi tukuna.

Ranar daina amfani ita ce wurin da nake so ku fi tsoron Allah, don nan ne ake yawan yin kintace. Kada ku kwafi ta wani kamfani. Man da aka tace a masana'anta da man da aka matsa a gida ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Daga kowane zubi ku ware ƙaramar gora ɗaya da ƙulli ɗaya, ku rubuta lambar, ku ajiye a inuwa a ɗakin da ya yi kama da shagon da za a sayar. Duk wata ku buɗe na tsofaffin zubi ku shinshina, ku ɗanɗana, ku rubuta. Cikin 'yan watanni za ku san lokacin da kayanku ke fara juyawa, na bazara daban, na hunturu daban, sai ku sa ranar da ta gaza wannan da tazara mai kyau. Samfurin nan kuma shi ne mai shaidarku in wani ya kawo ƙorafi, ko in wani ya cika gurɓataccen mai a gorarku da ta ƙare.

Ga wanda ke hangen kasuwar waje, abin ya fi haka tsauri. Tun watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa. Manomin da bai taɓa zuba wa wakensa komai ba ya sha hukunci ɗaya da wanda ya yi masa wanka da magani, kuma a ganina babban dalili shi ne an gauraya buhuna tun daga kasuwar ƙauye har ba mai iya rantsuwa a kan kowanne. Masu riɗi da zoɓo na yankinku su ɗauki darasi tun gemun maƙwabci ne ke ci da wuta. Matan da ke saƙa faifai da kwando ko ɗinkin fata su ma abin ya iso gare su: tun 13 ga Disamba 2024 sabuwar dokar Turai ta lafiyar kayan masarufi ta ce kayan da za a sayar can, ko ta intanet ne, sai da lambar da za a gane su, da sunan mai yi da adireshinsa, da wani wakili mazaunin can da zai amsa tambaya. Amurka ma tun 2008 ta wajabta irin wannan shaida a jikin kayan yara, bayan an janye miliyoyin kayan wasa saboda fenti mai dalma.

Game da rajistar NAFDAC, ba zan ɓoye miki ba, akwai kashe kuɗi da jira. Za a nemi rajistar sunan sana'a, a zo a duba wurin aiki, a ɗauki samfuri a gwada, a duba rubutun da za ku manna, kuma lambar tana da wa'adi, sai an sabunta. Man girki da aka ƙunshe don sayarwa yana cikin kayan da doka ta ce a ƙara wa sinadarin bitamin A, don haka ku tambayi yadda wannan ya shafe ku tun kafin ku buga sitika. Ku je ofishin hukumar na Dutse da ƙafarku, ku biyu ko uku, ku ce ku ƙananan masu sana'a ne, don kuɗin ƙanana ba ɗaya yake da na manyan kamfanoni ba. Kada ku ba ɗan tsakiya ko sisi, duk abin da kuka biya ku karɓi rasidi. Tunda ƙungiya ce ku, ku nemi ɗaki ɗaya mai siminti da rufi da ragar taga, nesa da turke da makewayi, ya zama nan kaɗai ake aikin, maimakon kowace ta yi a tsakar gidanta. Wuri ɗaya ake dubawa, kuma zubi ba ya kamuwa in ana yi a gida goma. In kuɗin ba zai kai kaya uku ba, ku fara da ɗaya, wanda ya fi tafiya.

Littafin kuwa kada ya jira rajista. Ku buɗe shi da suyar da za ku yi a wannan makon, ko da da hannu za a rubuta lambar a takarda a manna. Bayan wata biyu ki gwada 'yan ƙungiyar: ki ɗauko gora ɗaya daga shagon da kuke kai wa, ki ajiye a gabansu, ki ce a gaya miki gyaɗar wa ce, kuma ina sauran suke. In suka amsa kafin a sha ruwa a tashi, to ki ɗauki littafin nan ki tafi da shi Dutse, ki nuna wa jami'an hukumar, ki biya ta wurin mai kantin shi ma ya gani, ki tambaye shi gora nawa zai fara ɗauka ranar da lambarku ta fito.